Yadda Ake Zaɓen Sandararren Aksul Don Dasa Wa Ƙaramar Motar Daji

Duk wanda ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin tsohuwar Land Cruiser ya ga abin da ake nufi da sandararren aksul. Gora ce guda ta ƙarfe da ta miƙe daga tayar hagu zuwa ta dama, da tulu a jikinta inda kirawun da finiyan, wato babbar giya da ƙaramar da ke juya ta, suke juyawa a cikin mai, ta yadda idan taya ɗaya ta hau dutse sai gorar ta karkata ta danna 'yar'uwarta ƙasa, motar kuma ta ci gaba da riƙe hanya. Yawancin ƙananan motocin a-kori-kura na yanzu ba haka gabansu yake ba. Kowace tayar gaba tana da nata hannuwa da boljoyin, tana hawa tana sauka ba ruwanta da ɗayar, tulun kuma a jikin shasi aka ɗaure shi. Wannan tsari ya fi daɗin tuƙi a kan kwalta, amma a cikin kwazazzabo ko kan duwatsu yakan ɗaga taya sama tun ba a je ko'ina ba, kuma da zarar an sa masa manyan tayoyi sai ƙananan shaf ɗinsa da tayarod su shiga karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Kamfanin Toyota ya daina sa sandararren aksul a gaban a-kori-kurar da yake sayarwa a Amurka tun daga ƙirar 1986, ko da yake Hilux ɗin da ake kaiwa Afirka da Ostareliya ta ci gaba da fitowa da shi har wajen 1997. Bayan wannan canji ne masu sha'awar hawan duwatsu a wurare irin su Moab a jihar Utah da hanyar Rubicon a Kalifoniya suka shiga yanke ƙafafun gaban motocinsu da wuta suna dasa musu aksul ɗin tsofaffin motoci, har abin ya zama sana'a mai kamfanoninta da kayan aikinta. Yanka da walda aiki ne da ƙwararren mai walda zai iya idan ya natsu. Inda aka fi tafka asara shi ne wurin sayen aksul ɗin, domin mutum yakan ji an yabi wani suna sai ya je ya kinkimo shi, sai ya iso gareji ya tarar bai dace da motarsa ta ko'ina ba. Ma'aunin da aka ɗauka a jikin motar shi ne ya kamata ya yanke hukunci, kuma a ɗauke shi kafin a taka ƙafa zuwa kasuwa.

Kafin awo, ya kyautu mai mota ya tambayi kansa ko aikin ya zama dole. Motar da sana'arta ita ce ɗauko buhunan masara a hanyar burji, ko gudu a kan rairayi kamar yadda direbobin Agadez suke yi da Hilux, ba ta da bukatar wannan tiyata, hasali ma ƙafafun da ta zo da su sun fi lafawa a kan gargada idan ana gudu. Haka kuma idan kuɗin aikin ya kusa kai farashin tsohuwar Hilux mai lamba LN106 ko Land Cruiser 70 mai lafiya, sayen wadda kamfani ya ƙera da sandararren aksul ya fi hankali. Sabuwar mota mai birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa idan an taka shi, da na'urar hana santsi kuwa ba na ba da shawarar a taɓa ta, saboda kwamfutarta tana karanta gudun kowace taya, kuma tsohon aksul ba shi da inda za a sa mata idon da take karantawa da shi. Wanda wannan bayani ya shafa shi ne mai tsohuwar mota mai shasi lafiyayye, wanda hanyarsa ta duwatsu ce da ramuka, kuma yake son tayar da ta kai inci 33 ko ta wuce.

Gefen da tulu yake

Abu na farko shi ne a kwanta a ƙarƙashin motar a ga ta wane gefe farfelar gaba ta fito daga akwatin raba ƙarfi, wato giyar oksilari. Tulun aksul ɗin gaba ba a tsakiya yake ba, domin injin da kaskon baƙin mai sun tare wurin, don haka yana karkata hagu ko dama, kuma tilas ya kasance a gefen da farfela take. A Toyota a-kori-kura ta 1979 zuwa 1995, da Land Cruiser 40 da 60 da 80, da Nissan Patrol, da Suzuki Samurai, tulun yana dama. A Jeep Cherokee da Wrangler, da tsohuwar Ford Ranger ta Amurka, da Nissan D21, da Toyota Tacoma, yana hagu. Jeep Wagoneer ita ce mai ruɗarwa, domin ta 1974 zuwa 1979 tulunta na dama, ta 1980 zuwa sama kuma na hagu, alhali duka biyun Dana 44 ne, wato wani aksul na kamfanin Dana na Amurka, kuma a ido kamar an tsaga kara.

Akwai tarko a nan ga mai neman bayani a intanet. Ba'amurke ba ya cewa hagu ko dama, sai ya ce gefen direba ko gefen fasinja, mutumin Ostareliya da na Afirka ta Kudu ma haka suke faɗa, alhali sitiyarinsu yana dama. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, gefen direbanmu, wato hagu, ya zo ɗaya da na Amurka da na Nijar, don haka maganar Ba'amurke ta dace da mu kai tsaye, ta ɗan Ostareliya kuwa sai an juya ta. Wannan bambanci ya shafi kayan da kansu. Aksul ɗin da aka ciro daga motar Japan ko Ingila tulunsa yana gefen da aka saba, amma hannun da sandar sitiyari take kamawa yana iya kasancewa a gefen da bai dace da motar mai sitiyarin hagu ba, sai an nemo wasu hannuwan. Ana iya gyara rashin dacewar gefe ta hanyar canja akwatin oksilari baki ɗaya, sai dai wannan wani sabon aiki ne mai cin kuɗi, kuma da wuya ya fi sauƙi a kan neman aksul ɗin da ya dace tun farko.

Faɗi da ramukan wili

Ana auna faɗin aksul ne daga fuskar da wili yake zama a kanta a hagu zuwa irinta a dama, ba daga bakin taya ba. Aksul ɗin gaba na Toyota ta 1979 zuwa 1985 yana da faɗin wajen inci 55 da rabi, alhali aksul ɗin baya na ƙirar 1986 zuwa 1995 ya kai wajen inci 58 da rabi, saboda haka wanda ya haɗa su zai ga gaba ya fi baya tsukewa da inci 3. Akan cike wannan gibi da faifan ƙarfe mai kaurin inci 1 da rabi a kowane gefe, ko kuma a yi dabarar sa hob, wato cibiyar da ake ɗaure wili a kanta, na ƙafafun da aka cire. Na Wagoneer ya ɗan haura inci 60, na Land Cruiser 80 yana wajen inci 63 da rabi, Dana 60 na manyan motocin Ford da Chevrolet kuwa ya kusa inci 70. Ƙarin faɗi kaɗan alheri ne ga motar da aka ɗaga, domin yana rage mata saurin kifewa a gangare, yana kuma ba babbar taya sararin juyawa ba tare da ta goga sifirin ba. Idan ya yi yawa sai tayoyi su fito waje da jikin mota, suna watsa taɓo a gilashi, motar kuma ta kasa shiga tsakanin bishiyoyi ko lungun ƙauye.

Ya fi kyau gaba da baya su zo daidai, ko gaba ya ɗara kaɗan. Masu Land Cruiser 79 mai injin V8, wadda ta fito daga 2007, sun san wannan ciwo, domin an faɗaɗa gabanta don injin ya samu wuri aka bar bayanta ya tsuke da wajen milimita 95, shi ya sa a cikin yashi tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba sosai, sai su riƙa yanka tasu hanyar.

Ramukan wili kuma a ƙirga su a auna. Hilux, da Land Cruiser har zuwa 80, da Patrol, da Wagoneer duk ramuka 6 ne a kan da'irar milimita 139.7, wannan ne ma ya sa suke auratayya cikin sauƙi. Samurai ramuka 5 ne a kan wannan da'irar, tsohuwar Cherokee da tsohuwar Ranger ta Amurka ramuka 5 a kan 114.3, Land Cruiser 105 da 70 ta bayan 1999 ramuka 5 a kan 150, Dana 60 kuwa yawanci ramuka 8 ne. Wanda gabansa da bayansa suka bambanta zai riƙa yawo da safaya biyu.

Lissafin giya

Lissafin giyar aksul, wanda kanikawa ke kira reshiyo, shi ne yawan zagayen da farfela take yi kafin taya ta zagaya sau ɗaya, kuma ana samun sa ne idan aka raba haƙoran kirawun da na finiyan. Haƙora 41 da 10 sun ba da 4.10, haƙora 43 da 10 sun ba da 4.30, haƙora 41 da 9 sun ba da 4.56, haƙora 39 da 8 kuma 4.88. Dole ne na gaba ya zo ɗaya da na baya. Idan aka sa 4.10 a gaba alhali baya 4.56 ne, to duk lokacin da tayoyin baya suka ci mita 100, na gaba suna neman cin mita 111. A kan yashi ko taɓo tayoyin za su riƙa zamewa suna ɓoye matsalar, amma ranar da aka sa oksilari a kan tsandauri, wannan tazara za ta taru a cikin ƙarfe har sai wani abu ya ba da kai, ko farfela, ko haƙorin giya, ko shaf.

A Toyota akwai farantin da ke manne a ɗakin injin ko bakin ƙofa mai lambar aksul: G292 na nufin 4.10, G282 na nufin 4.30, G252 kuma 4.56. Farantin yana faɗin abin da kamfani ya sa ne kawai, motar da ta shekara 30 tana wucewa daga hannu zuwa hannu kuwa ba mamaki an taɓa canja mata ciki, don haka ƙirgen haƙora ya fi farantin gaskiya. Na taɓa raka wani bakanike wata kasuwar kayan gyara muna neman 4.56, mai shagon ya janyo mana wani aksul daga ƙarƙashin tari yana cewa, “Alhaji, wallahi daga mota irin taku aka ciro shi, ba sai an buɗe ba.” Bakaniken ya ce, “Maigida, a yi haƙuri mu ƙirga, ba za mu ɓata komai ba.” Aka zare shaf, aka kwance notuna goma, aka zare tulun aka ɗora a kan tsohuwar taya, ya goge haƙori ɗaya da tsumma ya shafa masa alli, ya riƙa juyawa da yatsa yana ƙirgawa a fili. Allin ya dawo a kan 43. Mai shagon ba ƙarya ya shirya ba, shi ma yadda aka faɗa masa ya faɗa, amma da mun ɗauka da sai mun sake sayen kirawun da finiyan.

Idan ba a yarda a buɗe ba, a riƙe hob ɗaya kada ya motsa, a juya ɗayan zagaye biyu cif, a ƙirga zagayen da bakin finiyan ya yi. Wannan yana bambance 4.10 da 4.88 sarai, amma 4.10 da 4.30 sai an sa ido sosai.

Girman taya ma yana shiga lissafin. Motar da ta zo da tayar inci 28 da giyar 4.10, idan aka sa mata inci 33 tana bukatar wajen 4.88 kafin ta dawo da ƙarfinta na da, inci 35 kuma ya fi dacewa da 5.29 musamman a ƙaramin injin mai silinda huɗu. Tun da kusan tilas a canja giyar gaba da baya tare, ya kamata a tabbatar cewa lissafin da ake so akwai shi ga aksul ɗin biyu, domin ba kowane lissafi na Toyota ne yake da takwara a Dana ko Nissan ba. Bambancin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kamar 4.09 da 4.10, ba ya cutarwa.

Ƙarfi da nauyi

A nan ne zuciya take yaudarar mutane, domin kowa yana son a ce aksul ɗinsa ba ya karyewa. Dana 60 yana da kirawun mai faɗin inci 9.75 da shaf masu kaurin inci 1 da rabi, kuma gaskiya ne cewa ƙaramar mota ba za ta iya karya shi da sauƙi ba. Amma na gaba ya haura kilo 200, kuma wannan nauyi ne da sifirin ba ya ɗauke da shi, yana dukan ƙasa yana dawowa da kowace gargada, shokazoba na fama da shi, ƙaramin injin kuma na jan sa. Tulunsa babba ne yana rataye ƙasa, ta yadda motar da ke da Dana 60 da tayar inci 35 tana iya zaunawa a kan dutsen da Toyota mai tayar inci 33 za ta tsallake. Sai taya ta kai inci 37 zuwa 40, an kuma ƙara ƙarfin injin, sannan wannan nauyi yake biyan kuɗinsa.

A ɗaya ƙarshen akwai Dana 30 na tsofaffin Cherokee da Wrangler, mai kirawun da ya ɗan haura inci 7 da shaf masu haƙora 27. Ba shi da nauyi, tulunsa yana hagu, ramukan wilinsa sun dace da Ranger, kuma yana jure tayar inci 33 a hannun direba mai sanyin ƙafa. Gorarsa siririya ce, tana lanƙwashewa idan mota ta yi tsalle ta dira. Dana 44, mai kirawun inci 8.5 da shaf masu haƙora 30, shi ne tsaka-tsakin da masu Nissan D21 a Amurka suka fi ɗauka daga Wagoneer ta 1980 zuwa sama, saboda gefen tulu da ramukan wili duka sun zo daidai, kuma yana riƙe inci 35 ba tare da yawan kuka ba. Rauninsa yana a gicciyen da ke haɗa shaf ɗin ciki da na waje.

Ga mai Hilux ko Samurai, a ganina babu wanda ya kai aksul ɗin Toyota mai kirawun inci 8, kuma dalilan sun wuce ƙarfi. Na farko, gorarsa ƙarfen faranti ne da aka matsa aka haɗa da walda, don haka ana iya walda mata mazaunin sifirin ko ƙarin ƙarfe a ko'ina, saɓanin tulun Dana wanda ƙarfen zubi ne da ke tsagewa idan ba a gasa shi ba kafin walda, ba a kuma bar shi ya huce a hankali ba. Na biyu, cikin tulun gaba ɗayansa ana zare shi ne kamar yadda na bayyana a baya, a kai shi kan benci a daidaita haƙora, har mutum yana iya ajiye na safaya a bayan mota. Gorar 1984 da 1985 ta fi ta shekarun baya, domin an ƙara mata doguwar ƙarfafawa a ƙasa. Rauninsa sananne ne, wato gaɓar Birfield, wadda ƙwallaye shida ne a cikin keji suke ba shaf damar juyawa alhali taya na karkace. Tana fashewa ne idan an murɗe sitiyari har ƙarshe, aka taka totur, tayar da ke shawagi kuma ta dira ta kama ƙasa farat ɗaya. Har zuwa inci 33 ta kamfani tana isa, daga inci 35 kuwa, musamman idan an sa makullin aksul mai tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, gara a nemi wadda aka ƙera da kuromoli, wani ƙarfe mai ƙarfin gaske.

Aksul ɗin gaba na Land Cruiser 80 yana da Birfield mafi girma da birki mafi ƙarfi, kuma wasu sun zo da makullin aksul na lantarki daga kamfani, wanda samun sa sa'a ce babba. Finiyansa a sama yake shiga tulu, abin da ke ɗaga farfela nesa da duwatsu, kuma an yanka haƙoransa ta yadda idan mota na tafiya gaba ƙarfin yana sauka a kan fuskar haƙori mai kauri. Kishiyar haka ita ce yana da rauni a ribas, shi ya sa masu irin wannan aksul ba sa fizgo motar da ta maƙale da baya, sai su juya su ja ta da gaba. An ƙera shi ne don sifirin mai naɗi da dogayen hannuwa, tayarod ɗinsa kuma a bayan gora yake, saboda haka mai son ɗora shi a kan sifirin mai ganye zai yi aiki fiye da na aksul ɗin Hilux. Na Patrol Y60 da Y61, mai kirawun milimita 233, ƙaƙƙarfa ne ƙwarai amma shi ma mai nauyi ne da faɗi.

Mai Samurai, wadda nauyinta bai kai tan ɗaya ba da injin lita 1.3, ya tuna cewa farfelar bayansa tana fitowa ne ta dama alhali tulun bayan Hilux a tsakiya yake, don haka farfelar za ta tafi a karkace kuma tana iya kawo girgiza a kan gudu idan ba a daidaita kusurwoyinta ba.

Sitiyari da kasta

Aksul ɗin da ya dace da awo yana iya zama abin tsoro a kan titi idan aka yi sakaci da kasta, wato ɗan jinginar da layin juyawar taya yake yi zuwa baya, irin wanda ake gani a cokalin keke. Shi ne yake dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Ana neman digiri 4 zuwa 6, kuma wayar hannu mai manhajar auna kusurwa ta isa a duba shi a kan saman gwiwar aksul, wato gaɓar ƙarshensa da take karkata taya hagu da dama. Matsalar ita ce idan aka ɗaga mota, mai walda yakan so ya murɗa aksul ɗin don finiyan ya kalli sama ya sauƙaƙa wa farfela, kuma kowane digiri da ya murɗa yana cire shi ne daga kasta. Motar da kastarta ta ƙare tana yawo a titi, kuma idan ta daki rami a kan gudu gabanta yana iya kama karkarwa mai tsanani da ba ta tsayawa sai an rage gudu ƙwarai. Maganin shi ne a yanke waldar gwiwoyin a juya su dabam da gorar, ko a nemi aksul mai finiyan a sama tun farko.

Tsohuwar Hilux tana da sitiyari mai turawa gaba da baya ta wani lanƙwasasshen hannu a gefe ɗaya, wanda ba ya jure ɗagawa. Masu dasa aksul sukan bar akwatin sitiyarin da motar da ake yi wa dashen ta zo da shi, su matsa da shi gaba kaɗan su ƙarfafa shasi a wurin da faranti, sannan su ja sanda daga gare shi zuwa gwiwar ɗaya gefen ta saman sifirin. Kafin a sayi aksul a tabbatar ana samun hannuwan da wannan tsari yake bukata, kuma kada a yarda a yanka hannun sitiyari a haɗa da walda, komai ƙwarewar mai waldar. A duba kaskon baƙin mai ma, domin tulu da sandar sitiyari suna iya dukan sa idan sifirin ya lotsa.

Kayan gyara da dubawa a kasuwa

Ba'amurke yana yabon Dana ne saboda a garinsu kowane shagon kayan mota yana da boris da sil ɗinsa. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, abin da ya cika kasuwa kayan Toyota ne, sai na Nissan, kuma bakaniken ƙauye ma ya san yadda ake kwance gwiwar Land Cruiser. Aksul ɗin da sil ɗinsa sai an yi odar sa daga ƙetare zai ajiye mota wata guda saboda abin da bai fi tafin hannu ba, don haka ga wanda yake nan, wannan dalili kaɗai ya isa ya karkata shi ga Toyota.

Idan an samu wanda ya dace, a fara da duba miƙewar gora, domin lanƙwasasshen aksul ba ya gyaruwa da arha. A ɗora shi a kan turaku, a ja zare daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a kuma kula da alamar wuta ko sabon fenti a kusa da gwiwa, wanda ke nuna an taɓa gasa shi an miƙar. Daga nan a kwance notin zubar da mai a tara a cikin gwangwani mai tsabta. Mai baƙi ba laifi ba ne. Mai launin kunun gyaɗa yana nufin ruwa ya shiga, mai kauri kamar miyar kuka kuma yana nufin sil ɗin ciki ya mutu giris ya gauraya da man giya. Notin yana da maganaɗisu a bakinsa: laushin garin ƙarfe a kansa al'ada ce, amma ɓarɓashin da yatsa yake ji alamar haƙori ne ko boris ya fara ci. A kama bakin finiyan a girgiza shi sama da ƙasa, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Wasan da ke tsakanin haƙoran kirawun da finiyan a Toyota bai wuce milimita 0.13 zuwa 0.18 ba, abin da hannu yake ji kamar ɗan ƙyas kawai. A zare shaf a kalli haƙoran bakinsa a cikin haske, idan sun fara murɗewa kamar igiya to ya kusa tsinkewa. A shafa ƙwallon gwiwa a ji ko tsatsa ta rarake shi, domin rarakakken ƙwallo yana cinye sil komai sabuntarsa.

A yi ciniki a kan aksul ɗin da dukkan kayansa, wato hob masu kullewa da hannu, waɗanda na Aisin suka fi aminci a Toyota, da faifan birki da kalifa, da hannuwan sitiyari, da farantan da ke riƙe sifirin, da guntun farfela idan akwai, saboda sayen su ɗaiɗai daga baya yakan fi aksul ɗin kansa tsada. A sa kuɗin sababbin boris da sil da giris mai moli da man giya 80W-90 a cikin lissafi tun farko, ko da mai shago ya rantse cewa jiya aka sauke shi daga jirgi. Tsofaffin aksul ɗin Hilux suna da siririn faifan birki, kuma gyaran da aka saba yi shi ne a sa faifan Land Cruiser 60 mai ramukan iska tare da kalifar ƙafafun da aka cire.

Bayan an gama ɗaurawa, a ja bututun roba daga ɗan hancin da aksul yake shaƙar iska ta cikinsa zuwa can saman ɗakin injin, domin aksul mai zafi idan ya faɗa ruwan rafi da damina yakan zuƙo ruwa ta nan. A fara gwaji a fili da ƙaramin gudu, a taka birki da ƙarfi a ga ko motar tana ja gefe, a ɗora taya ɗaya a kan tudu a leƙa a ga ko bututun birki ya miƙe har ya ɗaure ko farfela na neman zarewa. Bayan tafiyar kilomita 100 ta farko a taɓa hob biyu a ji ko ɗaya ya fi zafi, a sake ɗaure notunan da ke riƙe sifirin, sannan a bi notuna huɗu na hannun sitiyari a kan kowace gwiwa, domin su ne suka fi saurin sassautawa a aksul ɗin Toyota, kuma akan sake duba su bayan kowace fita daji.